Yadda Ake Gwada Aikin Sikiritin da CCK a Fankiriyas na Ɓera

Kafin ka taɓa ɓeran gwaji (rat) ko guda, sai ka sami izinin kwamitin da ke kula da dabbobin gwaji. Bayan nan ka san abin da kake nema. Homon biyu ne, wato sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, daga bangon ƙaramin hanji ke ba fankiriyas umarni, gaɓar nan da ke fitar da ruwan narkar da abinci. Sikiritin, wanda Bayliss da Starling suka gano a jikin kare a 1902, yana fita ne idan tsamin ciki ya gangaro hanji, sai ya sa a zubo ruwa mai bikabonet don kashe tsamin. Shi kuwa na biyun, CCK (cholecystokinin), maiƙo da furotin ke tayar da shi, aikinsa matso sinadaran narkar da abinci irin su amiles da lifes.

Ka hana ɓeran abinci daren jajibiri, amma ka bar masa ruwa. Yi masa allurar barci, ka ɗora shi a kan shimfiɗa mai ɗumi, domin da jikinsa ya yi sanyi ruwan fankiriyas zai ragu. Idan ka buɗe ciki, kada ka ɓata lokaci wajen neman jakar matsarmama, ɓera ba shi da ita. Fankiriyas ɗinsa ma a warwatse yake, kamar kitse. Ruwansa da ruwan matsarmama da hanta ke fitarwa bututu ɗaya suke bi, don haka ka karkatar da na hanta daga sama, sannan ka zura siririn tiyo dab da inda bututun ya shiga hanji.

Fara tara ruwan kafin ka ba da komai, duk bayan minti 15, a kwalaben da ka riga ka auna nauyinsu, a kan ƙanƙara. Sai ka saka homon ɗin ta jijiyar jini. A ganina, wanda ya auna yawan ruwa kaɗai ya yi rabin aiki. Auna bikabonet da amiles daban-daban.

Ga inda ake yawan ruɗewa. A hanjin ɓera, tirifsin, sinadarin narkar da furotin da ke cikin ruwan fankiriyas, shi ne ke danne fitar CCK. Da zarar ka kwashe ruwan waje, hanji ya rasa tirifsin, CCK na jikin ɓeran sai ya hau, ka ɗauka allurarka ce ta yi aiki. Saboda haka ka riƙa mayar da ruwan cikin hanji bayan ka ɗebi na awo. Kuma ka yi hankali da yawan CCK: idan ya wuce kima, fitar sinadaran raguwa take yi, fankiriyas ya kumbura.