Kafin ka yanka rufin tsohuwar mota, auna rawanin mai ita

Duk wanda ya kawo tsohuwar motar alfarma garejina a Tudun Wada don a sake mata jiki, ba na taɓa guduma sai na zaunar da shi a kujerar baya, da babbar rigarsa da rawaninsa. Daga nan awo yake farawa.

Ka sa alli ka yi alama a jikin motar daidai saman rawanin, ka ƙara faɗin yatsu huɗu. Nan rufi zai tsaya, kada ka sauko ko da kyau ya ruɗe ka. Ni ya taɓa ruɗata. Na rage wa wata mota tsayi don ta yi siriri, mai ita, wani hakimi, ya zo shiga rawani ya goce a bakin ƙofa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Ya ce, "Wannan ai ta kallo ce." Sai da na warware aikin wata biyu.

Masu ƙirar asali ma haka suke yi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Rolls-Royce inji da ƙashin mota kawai yake sayarwa. Maƙera irin su Hooper da Park Ward a Ingila ne ke ɗora jiki daidai da mai saye, sau da yawa firam na katako a lulluɓe da alminiyom.

To, rufi mai tsayi yakan mai da mota akwati. Maganinsa ƙara tsawon motar daga gaba zuwa baya. Dubi Marsandi 600 ta 1963: tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3.2 ne, a doguwar ƙirarta mai suna Pullman kuwa 3.9, shi ya sa tsayinta bai tsone ido ba. In ba halin ƙara tsawo, ka bar layin ƙasan taga ya ɗan gangara ta baya, ka yi fenti kala biyu. Kujerar baya kuma ta zauna gaban tayoyin baya, kamar yadda Chrysler Airflow ta yi tun 1934, don kada rami ya riƙa wurga manya sama.

Saura direba. Zauna a sitiyari ka sa yaron gareji ya zagaya motar a hankali. Duk inda ya ɓace maka, yi alama. Ginshiƙin baya mai faɗi yana sakaya mai gida, amma a cunkoson Kwangila ta Zariya ɗan acaba sukutum zai laɓe a bayansa, don haka ka huda ƙaramar taga a ciki. Gilashin gaba mai lanƙwasa irin na motocin Amurka na shekarun 1950 ba na ba da shawararsa: ginshiƙinsa yana kutsowa bakin ƙofa ya bugi gwiwa.

Duk wannan da kwali nake fara gwadawa. Sai mai mota ya shiga ya fita sau uku bai sunkuya ba nake kiran mai walda.