Babi na 6: Karanta taswirar ƙaramar hukuma, Keweenaw ta Amurka

Darasi na 1

To iyayena da 'yan uwana, kowa ya buɗe taswirarsa ya shimfiɗa a gabansa, kar a fara karanta komai tukuna. Ku nemo 'yar kibiyar nan da ke gefe, akwai harafin N a kanta. Wannan kibiyar arewa take nunawa. Ku juya takardar har kan kibiyar ya kalli gaba, nesa da ƙirjinku. Kun juya? To yanzu sama arewa ne, ƙasa kudu, hannun da kuke cin tuwo da shi gabas, hagu yamma.

A sake. Ɗaga takardar, juya ta yadda ka ga dama, ajiye, nemo kibiya, kibiya ta kalli gaba. Hajiya kar ki ji kunya, kusan kowa a nan yake tuntuɓe, in takarda ta juye sai tafki ya koma inda ba ya nan kuma sunaye su tsaya da ka, mutum ya ɗauka shi ne bai iya karatu ba alhali takardar ce kawai a kife. Kibiya tukuna, sannan karatu.

Shuɗin nan duk ruwa ne, Tafkin Superior kenan, ruwan daɗi ba na gishiri ba. Ƙasar da ta miƙe ta shiga cikinsa ita ce Keweenaw, ƙaramar hukumar da ta fi kowacce nisa arewa a jihar Mishigan, an kafa ta a 1861. Wajen kashi 9 cikin 10 na faɗinta ruwa ne, mutanenta kuma 2,046 kacal a ƙidayar 2020, babu wadda ta kai ta ƙarancin jama'a a jihar. Da can haƙar jan ƙarfe ce ta tara mutane, da ramukan suka rufe sai aka watse.

Darasi na 2

Kafin komai, ina kibiya? Haba jama'a, na ga wasu har yanzu a kife suke riƙe da ita, jiya fa muka yi wannan, in ba a maimaitawa a gida ba yadda za a yi ya zauna. A gyara.

Siraran layukan ciki iyakokin gundumomi ne, guda 5: Allouez, Houghton, Eagle Harbor, Grant, Sherman. Sa yatsa a kudu maso yamma, Allouez kenan, nan ƙauyen Ahmeek yake. Bi bakin ruwa ka yi gaba har Eagle River, can ne hedikwata. Wuce Eagle Harbor, sai Grant a can ƙarshe inda Copper Harbor take, kusa da ita babban titi mai lamba 41 ya ƙare. Sherman na gefen kudu. A kula, akwai wata ƙaramar hukumar maƙwabciya a kudu ita ma Houghton sunanta, daban take da gundumar.

Darasi na 3

Kibiya gaba. Tsibirin can arewa maso yamma, kusa da Kanada, Isle Royale ne, na Keweenaw ne duk da nisansa, gandun dajin gwamnati ne tun 1940.

Darasi na 4

Kwafi sunayen gundumomin 5 a littafinka, ka zo da shi ranar aji.