Yadda Iyaye Za Su Bi Diddigin Sakamakon Tiyatar Marainan da Ba Su Sauko Ba

Kimanin jarirai maza 3 cikin 100 ake haifa ƙwayar maraina ɗaya ko duka biyun ba su sauko cikin jakarsu ba, kuma abin ya fi yawa ga bakwaini. Akasari suna saukowa da kansu a watannin farko, amma idan yaro ya cika wata 6 babu canji, jira ba ya ƙara komai, shi ya sa likitoci ke so a yi tiyata tsakanin wata 6 zuwa 18. Dalilin gaggawar shi ne zafin cikin jiki ya fi na jakar, kuma zafin yana lalata sashen da zai samar da maniyyi idan yaro ya girma.

Aikin kansa ba ya cika wuce awa guda, ana sa yaro barci, kuma yawanci a ranar ake sallamarsa. Bayan an dawo gida, a ba shi maganin rage ciwo daidai yadda aka rubuta, a riƙa canza masa famfas da wuri don kada fitsari ya jiƙa ɗinkin, sannan a hana shi hawa keke ko wani abin wasa da ake ware ƙafafu a kansa har makonni 2 zuwa 4. Ɗan kumburi da duhun fata a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi, mugunya, jini da ya ƙi tsayawa ko kumburin da ke ƙaruwa kuwa, duk suna buƙatar komawa asibiti nan take.

Inda iyaye suka fi yin sakaci, a ganina, shi ne bayan rauni ya warke. Idan kafin tiyatar ƙwayar a gefen mara take, fiye da 90 cikin 100 na irin wannan tiyata suna yin nasara, amma wadda ta maƙale can cikin ciki ta fi wuyar sha'ani, wani lokaci ma sai an yi aikin sau biyu. Ƙwayar tana iya komawa sama ko ta ƙanƙance bayan watanni, saboda haka kada a tsallake ranar da likita ya ce a dawo. A gida kuma, a duba yaro lokacin da ake yi masa wanka da ruwan ɗumi, domin sanyi yana sa maraina su ja sama ko da lafiyarsu ƙalau, sai a taɓa a hankali a ji ko duka biyun suna ƙasa kuma girmansu bai yi nisa da juna ba.

Game da haihuwa, wanda matsalar ta shafi ɓangare ɗaya yana da damar zama uba kusan kamar kowa, yayin da damar ke raguwa idan duka biyun ne. Tiyata da wuri tana rage haɗarin ciwon dajin maraina amma ba ta kawar da shi, don haka idan yaro ya balaga a faɗa masa aikin da aka yi masa, a koya masa duba kansa sau ɗaya a wata, ya nemi likita da zarar ya ji ƙullutu.