Yadda ake kashe wutar fushi a kai ga yafiya

Fushi a jiki yake farawa kafin ya kai baki: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya gajarta, muƙamuƙi ya ɗaure. Da ka ji haka, ko a cunkoson Kawo ne ko wajen ciniki a Kasuwar Barci, kame bakinka. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, har sau biyar. In a tsaye kake, zauna. Hadisi ya zo da wannan umarni na zama, haka ma neman tsari daga Shaiɗan. Ajiye waya kamar minti 20, don saƙon WhatsApp da aka tura cikin zafin rai shi ake nunawa gobe a zaman sulhu.

Bayan ka huce, bincika abin da ya sosa maka rai. Sau da yawa ba kuɗin ba ne, dizgi ne a gaban mutane. Kada gaba ta wuce kwana uku. Je ka sami wanda ya ɓata maka rai kai kaɗai, ko tare da dattijo ɗaya da ku biyu kuke jin nauyinsa, ka ambaci laifi guda: "Yaya, maganar da ka yi ranar suna ta ƙona mini rai."

Abin da ke ɓata sulhu shi ne tono laifin bara, da tara dangi kowa na jefa baki, da tilasta wa mutum ya ce ya yafe alhali ciwon ɗanye ne. Irin wannan yafiyar a fatar baki take tsayawa. Idan da bashi a tsakani, a yafe zagin, amma a rubuta adadin kuɗin da ranar biya a gaban shaidu biyu.