Kurakuran da ake yi wajen dasa shuɗin sifurus a cikin gari

Duk wanda ya zaga unguwannin biranen arewacin Amurka ko Kanada zai ga wata bishiya mai tsini, ganyenta kamar allura, launinta shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa mata toka. Ita ce shuɗin sifurus, wadda masana tsirrai ke kira Picea pungens. Asalinta tsaunukan Roki ne na yammacin Amurka, inda ake sanyi kuma iska a bushe take, har jihar Kolorado ta ɗauke ta a matsayin bishiyarta a 1939. Yawancin kurakuran da ake yi da ita daga manta wannan asalin suke tasowa.

Babban kuskure shi ne wuri. Mutum ya sayo 'yar ƙarama a tukunya, ya dasa ta jikin bango ko ƙarƙashin wayar lantarki, alhali tana iya haura mita 15, rassanta su baje mita 5. In ta toshe taga sai a ɗauko zarto, a nan kuma ake ƙara ɓata lamarin, domin reshen da aka sare har zuwa tsohon itace ba ya sake toho. Gurbin zai zauna fanko har abada. Mai ƙaramin fili ya nemi gajeren iri irin su Globosa ko Montgomery tun farko.

Sai damshi. A jihohi masu damshin iska kamar Mishigan, cutar Rhizosphaera kan kama ganyen, ya koma ruwan ƙasa ya zube, daga rassan ƙasa tana hawa sama. Masu gida da kansu suke taimaka mata: su jera bishiyoyin a cunkushe, na'urar ban ruwan ciyawa kuma tana jiƙa ganyen kullum. A ba da tazara, a sa bishiyar inda rana ke dukanta sosai, a zuba ruwa a gindi kawai. Inda damshin ya yi yawa, ni dai na fi ganin a dasa sifurus ɗin Norwe ko na Sabiya, sun fi jure wannan cutar.

Shuɗin nan ma wani irin kaki ne da ya lulluɓe ganyen. Maganin ƙwari mai mai yana wanke shi, bishiyar ta koma kore, sai sabon toho ya fito kafin launin ya dawo.

Kada a binne wuyan saiwa, kada a tara ɓawon itace jikin gindi, kuma a guji ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta.