Yadda ake sarrafa ɗakin matsin iska wajen jinyar mai nutso

Duk mita 10 da mai nutso ya yi ƙasa a cikin teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke doron ƙasa. Wannan ne ke sa naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da yake shaƙa, ta narke a jininsa da tsokarsa. Idan ya taso da gaggawa, sai ta zama kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ta jawo ciwon gaɓoɓi, jiri, mutuwar wani sashe na jiki, har ma da shanyewar ƙafafu. Maganin shi ne a saka shi a ɗakin ƙarfe mai siffar tanki, a mayar masa da matsin, sannan a rage shi bisa jadawali.

Kafin a isa ɗakin, a kwantar da majinyacin, a ba shi oksijin zalla, a kuma nemi likitan da ya san harkar nutso. Kada a mayar da shi cikin ruwa da sunan gyara, kuma idan jirgin sama ne zai ɗauke shi, kada ya wuce tsayin mita 300.

Mai kula da ɗakin zai fara duba tankunan iska na aiki da na ko-ta-kwana, da oksijin, da ma'aunan matsi, da robar ƙofa, da na'urar magana. Batun gobara kuwa ya fi komai buƙatar tsanani, domin wuta tana ci da sauri a inda matsi ya yi yawa, kuma wanda ke ciki ba shi da hanyar gudu. Saboda haka ba a shiga da ashana, waya, man shafawa ko tufafin roba. Kayan auduga kaɗai ake sawa, kuma ana sabunta iskar ɗakin don kada oksijin ya haura kashi 25 cikin ɗari. Wani ma'aikaci da ya samu horo yana shiga tare da majinyacin.

Jadawalin da aka fi amfani da shi shi ne na 6 na rundunar sojan ruwan Amurka. Ana ƙara matsi har ya kai na zurfin mita 18, waɗanda ke ciki suna haɗiye yawu ko su toshe hanci su hura don kare kunnuwansu. A nan majinyacin zai shaƙi oksijin ta takunkumi na minti 20, ya huta da iskar ɗaki na minti 5, har sau uku. Wannan hutu ba na jin daɗi ba ne, domin oksijin mai yawa a irin wannan matsi yana iya jawo jijjiga. Da zarar an ga leɓe yana rawa, ko ya ce zuciyarsa tana tashi, sai a cire takunkumin. Bayan an kammala zagaye ukun nan ake ɗaukar minti 30 ana sassauta matsin zuwa na mita 9, inda za a fi daɗewa, sannan wasu minti 30 zuwa matsin waje. Jimillar aikin awa 4 da minti 45 ne, kuma likita yana iya tsawaitawa, amma ba a gajarta shi don majinyaci ya ce ya ji sauƙi.

Ba a taɓa ƙofa ko maƙalar ƙarfen da ke haɗa wannan ɗaki da wani sai ma'auni ya nuna matsin ɓangarorin biyu ya daidaita. A shekarar 1983, a dandalin haƙar mai na Byford Dolphin da ke Tekun Arewa, an kwance maƙala alhali matsin ciki ya ninka na waje sau 9, mutum biyar suka rasu. Magani da abinci ma ta ƙaramar taga mai murfi biyu ake miƙa su, ana rufe ɗaya kafin a buɗe ɗayan.

Bayan fitowa, majinyacin zai zauna kusa da ɗakin ana lura da shi ko alamun za su dawo, kuma ba zai hau jirgin sama ko ya koma nutso ba sai likita ya ba shi izini.