Zama a Bakin Mashigin Bothnia: Shawara ga Sababbin Zuwa

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Oulu ko Vaasa a Finlan, ko kuwa Luleå ko Umeå a Suwidin, to a bakin Mashigin Bothnia zai zauna, wato reshen arewa na Tekun Baltik da ya ratsa tsakanin ƙasashen biyu. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 725, daga tsibiran Åland a kudu har zuwa Tornio da Haparanda, inda iyakar ƙasashen take. Akwai jirgin fito da ke zirga-zirga tsakanin Vaasa da Umeå, ta wajen da mashigin ya tsuke.

Abin da ya fi shafar rayuwarku shi ne daskarewarsa. Manyan koguna irin su Kemijoki da Torne da Lule suna kwarara cikinsa, don haka gishirin ruwan a can arewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na gishirin babban teku ba, kuma ruwa mai ƙarancin gishiri da rashin zurfi ya fi saurin daskarewa. Gaɓar arewa takan fara ƙanƙara tun daga Nuwamba, ba ta narkewa sarai sai cikin Mayu, shi ya sa dole sai jiragen fasa ƙanƙara sun buɗe wa jiragen kaya hanya.

A tsakiyar hunturu za ku ga teku ya zama fili fetal kamar filin Idi, iyalai na yawo a kai, masunta kuma na zaune kan 'yan kujeru sun huda rami sun zura ƙugiya. Ina roƙonku kada wannan ya ruɗe ku. Su sun auna kaurin ƙanƙarar kafin su hau, da yawansu kuma suna rataye da wasu tsinken ƙarfe biyu a wuya, waɗanda mutum ke cakawa ya jawo kansa idan ya rufta. Ƙanƙara ta fi rauni a bakin koguna da ƙarƙashin gadoji da kusa da hanyar jiragen ruwa, dusar ƙanƙara kuma kan lulluɓe wurin har ido ya kasa bambancewa. Ku bi hanyar da hukumar gari ta shata kawai, kamar wadda Luleå ke sharewa duk shekara, kada ku tafi ku kaɗai, kuma daga ƙarshen Maris ku ƙara hattara ko da kun ga wasu a kai. Lambar neman agajin gaggawa a ƙasashen biyu ita ce 112, ku koya wa yara ita tun makon farko.

Iskar da ke tasowa daga teku tana ƙara wa sanyi kaifi, saboda haka rigar sama mai tare iska ta fi muhimmanci a kan tulin suwaita. A tsakiyar Disamba hasken rana a Oulu bai kai awa huɗu ba, don haka ku nemi jadawalin salla a masallacin garinku da zarar kun sauka.